Shanu Uku na Baffa Joda

Ni aikina duba kashin shanu ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sunana Amatullah, kiwon dabbobi na karanta, ina aiki da wani ƙaramin shiri mai taimaka wa masu tatsar madara a Potiskum da kewayenta. Idan na shiga gida, kafin in kalli saniya sai na kalli abin da ta kasayar. A bazara in ka sa tsinke ka tona, za ka ga karan dawa ya fito gutsi-gutsi yadda ya shiga. Saniya ta wuni tana tauna, ciki ya cika fam, amma jiki bai ƙaru da komai ba, hantsa kuwa ta yamutse. Masu shanu su ce rani ne. Ni kuma in ce kara ne ya fi ƙarfin tumbinta, kuma akwai yadda ake yi masa ya yi laushi.

Gidan Baffa Joda yana can bakin gari, ta hanyar Nangere, inda gine-gine suke ƙarewa gonaki su fara. An ce ya taɓa kora shanu saba'in da wani abu. Ɓarayi suka kwashi rabonsu, ciwon huhu ya kwashi nasa, gonaki suka cinye burtali, har tsoho ya haƙura da daji ya kafa turke uku a bayan gidan ƙasa. Babbar saniyar ita ce Wule, mai farin goshi, jikar jikar wadda aka ba shi ranar sunansa. Sai 'yarta Saige, sai wata karsana da ba ta taɓa haihuwa ba. Wule da Saige kowace da ɗan maraƙinta.

Mutanen gidan ma uku ne, in ba a lissafa jaririyar da ke goye ba, kuma babu mai yi wa tsoho magana. Ba faɗa suka yi ba, kunya ce. Hammawa ɗan fari ne, don haka Baffa ko sunansa ba ya kamawa, shi kuma ba ya zama inda uban yake. Aikinsa rakiyar tirelar shanu daga kasuwa zuwa Kudu, sai ya yi wata ba a gan shi ba. Matarsa Asta kuwa suruka ce. In tsoho ya shigo ta ƙofa, ita ta riga ta shige ɗaki. Abinci ta ajiye a zaure ta yi gyaran murya, shi ke nan an gaisa. Matar Baffa ce bakin gidan a da, kowa ta wurinta yake aika saƙo. Ta rasu shekara uku da suka wuce, ba a sami wanda ya maye gurbinta ba.

Asta ce ta gaya mini abin da ke gabansu, ranar da na fara tsayawa sayen kindirmo a wurinta na ga ƙwaryar ko rabi ba ta kai ba. Hammawa ya gaji da sayen dusa da harawa. Ya aika wa ubansa ta bakin wani dillali, Modu, cewa in nono ya ɗauke a bazarar nan, za a kai shanun kasuwar Laraba a sayar, a sayi keke napep. Tun daga ranar tsoho ya ɗauke tabarmarsa daga zaure ya mayar gindin aduwar da ke kusa da turakun.

A nan na same shi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan: a sassare kara ƙanana, a jiƙa takin yuriya a ruwa bisa awo, a yayyafa, a tattake a cikin rami, a rufe da leda da ƙasa har kwana ashirin da ɗaya. Takin zai koma iska mai ƙarfi a ciki, ita ce za ta karya taurin karan, tumbin saniya ya samu ya narkar da shi. Ya saurare ni har ƙarshe yana kallon sandarsa.

"Abinci ake binnewa?" ya ce. "Mu abin da ya mutu muke binnewa."

Na ce, "Baffa, ba ruɓewa zai yi ba."

"'Yar nan, shanunki nawa?"

"Ba ni da shanu, Baffa."

"Akuya fa?"

"Babu."

"To," ya ce, ya mayar da ido kan Wule.

Wannan "to" ɗin ta ƙona mini rai fiye da zagi. Shekara biyar ina karatu, shekara huɗu ina yawo cikin rana, hannuna ya shiga cikin shanu fiye da yadda zan iya tunawa, amma tsoho ya gama da ni da kalma ɗaya. Na miƙe na kakkaɓe zanina, na ɗaura aniya a raina cewa daga yau tsakanina da shi sai gaisuwa. Ina da zuciya, gidanmu kowa ya sani, mahaifiyata ta sha gaya mini ita za ta kai ni ƙasa.

Bai hana ba dai, kuma nono hurumin mace ne, don haka da Asta muka yi aikin. Ita ta haƙa ramin da kanta, da goyo a bayanta. Kwana biyu muna sarar kara da adda har tafin hannuna ya yi kanta. Muka narkar da takin a rabin duro, muka yayyafa hawa-hawa, tana tattakewa da ƙafa tana dariya wai yau ga ta tana rawa a kan abincin shanu. Duk abin nan Baffa yana gindin aduwa, ya juya mana gefe, amma na lura idonsa bai bar duron ba.

Da muka rufe ramin sai na kama ragowar buhun takin na riƙe a gabanta.

"Asta, ki saurare ni. Wannan abu a cikin rami magani ne, a bakin saniya guba ne. In ta lashe shi ko ta sha ruwansa, kafin a gama dafa tuwo ta mutu. Kin ji?"

"Na ji, Malama."

"Maimaita mini."

Ta maimaita.

"Ki gaya wa Baffa."

Ta rufe baki da gefen mayafi, ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. "Ni, Malama? Shekara shida ina gidan nan, bai san kalar muryata ba sai ta bayan katanga."

"To ki kira maigidanki ya gaya masa."

Ta kira shi a gabana. Daga can wani gari, cikin ƙarar motoci, Hammawa ya ce kada ta damu, Baffa ba ya taɓa kayan 'yan boko ko da sanda. Ta ce za ta tura buhun ƙarƙashin gadonta, ɗakin da tsoho ba zai taɓa leƙawa ba ko gobara ake yi. Na ce ya yi. Na fito na bi ta gindin aduwa, taku biyu tsakanina da shi. Na ce, "Baffa, sai an jima." Ya ce, "Mu jima da yawa." Na wuce.

Ranar ashirin da ɗaya muka buɗe. Warin ya bugi hancinmu har idanu suka kawo ruwa, amma karan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, in ka murza shi sai ya lanƙwashe ba ya karyewa. Muka baza shi a inuwa ya sha iska kwana guda. Shanun suka shinshina suka kawar da kai, Baffa ya yi wata 'yar dariya ta hanci da na ji har cikin raina. Kwana na uku Wule ta sa baki. Ba a yi mako biyu ba ƙwaryar Asta ta cika, ta fara neman ta biyu, maruƙan suka fara tsalle. Ran nan na shigo ba sallama sosai, na tarar da tsoho a tsugune yana tona kashin Saige da bakin sandarsa. Da ya gan ni sai ya miƙe ya shiga gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Da zan tafi na iske ƙaramar ƙwarya ta kindirmo a kujerar napep ɗin da ya kawo ni. Direban ya ce tsohon ne ya ajiye. Na gane ban-haƙuri ne irin nasu. Na shanye kindirmon tas, amma na ce a raina ni da baki aka ɓata mini, da baki nake so a gyara.

Rami na biyu ya kamata a cika shi tun na farko yana rabi. Gara ta huda ledar da muka tanada, ni kuma aka tura ni wani taron bita a Damagum, na ce in na dawo na kawo sabuwa. Kafin mu rufe shi an makara da kwana goma sha biyu. Na farko ya ƙare ƙarƙaf, shanu suka koma busasshen kara, kuma wanda ya ɗanɗana laushi ba ya son komawa. Suka riƙa tsintar ganye suna barin sauran. Nono ya faɗi ƙasa da yadda yake a da. Ana cikin haka Hammawa ya bugo wa Asta ya ce yana tafe ranar Talata, ita kuma ta faɗa wa jaririyarta da ƙarfi a tsakar gida, yadda take yi in tana son tsoho ya ji labari. Talata dai daga ita sai Laraba.

Abin da ya biyo baya daga baya na haɗa shi, wani daga bakin Asta, wani daga bakin mai shagon taki. Baffa ya yi nasa lissafin. Ya ga da idonsa kara bai canza ba sai da farin abin nan ya taɓa shi, ke nan ƙarfin yana cikin farin ne, kara akushi ne kawai. Kuma shi tun yana ɗan shekara bakwai ya san yadda ake ba saniya farin abu mai ƙara mata jiki. Haka ake ba da kanwa: a hana su ruwa tun jiya don su ji ƙishi, da safe a jiƙa a komi, a barbaɗa dusa a kai, a sake su. Me zai sa a jira mako uku ana binne abu kamar gawa? Ranar Lahadi ya sa hularsa ya shiga gari, ya sayi mudu guda. Buhun Asta yana ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa shi. Taki kuwa kowane shago akwai shi, ko yaye ba a yi maka ba in ka miƙa kuɗi za a auna maka.

Litinin da hantsi wayata ta yi ƙara ina ofis.

"Malama." Muryar Asta can ƙasa, kamar mai raɗa. "Baffa yana jiƙa abu a komi. Na ɗauka kanwa ce, amma kanwa ba ta narkewa da wuri haka. Na ga ledar. Farin nan ne."

"Ki hana shi."

"Na yi tari, na yar da kwano, bai waigo ba."

"Asta, ki buɗe baki ki yi masa magana."

Ina jin numfashinta, ina jin kukan jaririya, can nesa kuma ina jin muryar tsoho yana kiran shanu da wannan kiran nasu mai daɗi.

"Malama, yana kwance su."

"Ki je ki kifar da ruwan! Yanzu!"

Na ji wayar ta faɗi ƙasa. Ta je. Ta keta tsakar gida a guje ba mayafi, ta wuce ta gaban surukinta, ta kama komin ta kifar, ta ce masa a fuskarsa, "Baffa, guba ne." Maganarta ta farko ke nan da shi a shekara shida. Amma shanun da suka kwana da ƙishi ba sa jiran kowa, abin da ya zube ƙasa bai fi jarka guda ba.

Na sake kira na ce ta jiƙa duk tsamiyar da ke gidan, ta nemo ruwan sanyi na randa. Na tsaya a shago na kwashi kwalabe huɗu da suke da su na ruwan khal, wato binega, don tsami ne ke karya ƙarfin gubar. Napep ya shiga cunkoson tireloli a wajen kasuwar shanu, na yi wa direban masifar da har yau in ya gan ni sai ya canza hanya. Minti arba'in muka yi.

Na tarar an riga an yanka karsanar. Saige tana kwance a gefe, ciki ya kumbura ya yi tauri, ƙafafu suna shure-shure, maƙwabta biyu sun danne ta suna juya ta gabas don kada ta tafi mushe. Wule ce kaɗai a tsaye, in za a kira wannan tsayuwa. Jikinta yana kyarma tun daga doro har wutsiya, kumfa na zuba daga bakinta, tana cizon haƙora da wata ƙara da ba na son tunawa. Muka ɗaga kanta na ɗura mata khal, na bi da ruwan tsamiya, na bi da ruwan randa. Ta haɗiye wani, wani ya dawo ta hanci. Na huda mata ciki don iska ta fita. Ta ɗan lafa har na fara sa rai, sannan ta durƙusa da ƙafafun gaba, ta kife.

Ban daina ba. Ina ɗura mata ina zaginta, ina cewa ta tashi, ina kuka ban san ina yi ba. Sai na ji hannu a kafaɗata.

"Matsa, 'yar nan."

Wuƙar tana hannunsa, jinin biyun farko bai bushe a kanta ba. Wani maƙwabci ya miƙa hannu zai karɓa, ya girgiza kai. Ya tsuguna, ya shafa farin goshin, ya yi mata magana da Fulatanci a hankali, doguwar magana, kamar mai ba da sallahu. Sannan ya yi bisimilla.

Mahauta ba a kira su, su suke jin labari. Kafin azahar sun iso da baro biyu, suna taɓe baki suna kushe naman da ba su ma gani ba tukuna. Na tsaya a kansu na ce kayan ciki ba za su fita daga gidan nan ba, duk wanda ya musa in kai ƙararsa. Da aka rasa inda za a zuba, aka tuna da ramin farko da ke nan wayam. A ciki aka binne su. Baffa da kansa ya tura ƙasar da ƙafarsa.

Hammawa ya iso Talata kamar yadda ya ce. Ya tsaya ya kalli turakun nan uku da igiyoyinsu, ya je ya tsuguna nesa da aduwa, bayan ubansa. Sun fi awa guda a haka. Washegari ya ɗora maruƙan biyu a napep ya kai kasuwa, don ba nonon da za a ba su. Kukansu ya daɗe yana dawowa daga kan titi.

Na yi niyyar kada in sake taka gidan. Amma ranar da rami na biyu ya cika ashirin da ɗaya Asta ta kira, ta ce wata maƙwabciya mai saniya ɗaya tana so, kuma ita ba za ta iya buɗewa ita kaɗai ba. Na je. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce tun ranar ba ta sake haɗa hanya da tsoho ba, kunyar yanzu ta ninka ta da, ga ta shanu ga ta ihun da ta yi masa kai ba mayafi.

Muka yaye ledar. Ban taɓa yin rami mai kyan wannan ba, ko ɗigon ruɓa babu. Muna tsaye sai ga Baffa ya taso daga gindin aduwa yana dogara sanda. Asta ta shige ɗaki ta saki labule. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗebi karan, ya murza, ya kai hanci, ya daɗe yana kallonsa.

"Ya yi," ya ce.

"Ya yi, Baffa."

"Da sun jira kwana nawa?"

"Takwas."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi labulen ɗakin, ya rage murya, duk da na san tana jin mu.

"Ita ta san farin nan yana kisa?"

Na so in yi masa ƙarya, ban iya ba. "Ta sani. Ni na gaya mata tun ranar farko."

"Ba ta faɗa mini ba."

"Ta ɓoye buhun, Baffa. Ta yi iya yinta."

"Ba laifi nake ba ta ba," ya ce. "'Yar mutunci ce. An yi mata tarbiyya a gidansu. Da ta zo ta tsaya a kaina tana koya mini kiwo, da na ce ɗana ya auro mara kunya."

Raina ya tafasa. Na buɗe baki zan ce masa wannan tarbiyyar ce ta cinye masa shanu, zan ce gida ne na mutum uku da ba mai iya ce wa wani wuta ta kama rigarsa. Kalmomin suna kan harshena, a shirye, masu zafi yadda nake son su. Ya riga ni. Ya zubar da karan a hankali cikin ramin, ya kakkaɓe tafinsa, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ita surukata ce, ba ta da bakin da za ta faɗa mini. Wancan kuma ɗan fari ne." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ke fa, 'yar nan? Sau nawa kika wuce ta gabana kika ce sai an jima?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya koma tabarmarsa, ya zauna yana fuskantar turakun.